Gari ɗaya, Sallah biyu: yadda ɓangarorin Musulmin Birtaniya ke zama da juna

Ranar Juma'a 21 ga Afrilun 2023, wasu Musulmin Birmingham sun saka sabbin kaya sun tafi idi, maƙwabtansu na jikin katanga kuwa suna riƙe da azumi na talatin. Sai washegari Asabar su ma suka yi tasu Sallar. Na farko sun bi sanarwar Saudiyya, na biyu sun jira Maroko. Haka aka maimaita a 2025, wasu Lahadi 30 ga Maris, wasu Litinin 31. Ɗan Najeriya zai ce ai mu ma mun san wannan. Mun sani, amma mu muna da Sarkin Musulmi da kwamitinsa na ganin wata, wanda ya saɓa ya san da wa ya saɓa. A Birtaniya babu wannan kujerar sam. Babu mufti na ƙasa, babu ma'aikatar addini da ke naɗa limamai, kowane masallaci cin gashin kansa yake yi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane sauran bayanin: saɓanin Musulmin can ya fi bayyana a takardar mallakar gini da jadawalin sallah da shagon mahauci, fiye da a zauren muƙabala.

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a, daga miliyan 2.7 a 2011. Ƙidayar ba ta tambayar mazhaba ko aƙida, don haka masu nazari sukan ƙirga masallatai ne. Sun doshi 2,000, kuma lissafin da aka fi dogara da shi ya ba wa Diyobandawa sama da kashi 40 cikin ɗari, Barelwawa kusan kwata, 'yan Salafiyya kusan ɗaya cikin goma, sauran kuma suka rarrabu tsakanin 'yan Shi'a da Larabawa da Turkawa da Somaliyawa da 'yan Afirka ta Yamma. Sunaye biyun farko baƙi ne a kunnen Bahaushe, kuma su ne ƙashin bayan labarin, domin mafi yawan Musulmin ƙasar asalinsu Pakistan ne da Bangladesh da Indiya. Sun zo aikin masaƙu da masana'antu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa daga yankin Mirpur na Kashmir, inda madatsar ruwa ta Mangla ta tashi ƙauyuka a shekarun 1960. Da dokar shige da fice ta 1962 ta fara rufe ƙofa, sai mazan suka kwaso iyali. Zuwan mata da yara ne ya sa aka buƙaci makarantar allo da liman, daga nan kuma tambayar "liman na wane ɓangare?" ta taso. Kafin lokacin a ɗaki guda ake haɗuwa a yi Juma'a, ba mai tambayar wani.

Rigimar Diyobandawa da Barelwawa daga Indiya aka yi dakonta. An kafa makarantar garin Deoband a 1866, Barelwawa kuma sun samo sunansu daga garin Bareilly na Ahmad Raza Khan, wanda ya rasu a 1921. A farkon ƙarni na ashirin ya kai wa malaman Makka da Madina wasu maganganun manyan Deoband, ya dawo da fatawar kafirta su, kuma har yau wannan miki bai warke ba. Abin da ake ja a kai matsayin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: iyakar saninsa da gaibu, kasancewarsa haske, halaccin kiransa da neman agajinsa, sai kuma Mauludi da ziyarar kaburburan waliyyai. Mai karatu zai yi saurin cewa to ai Ɗarika da Izala ke nan. Rabin gaskiya ne. Barelwawa sun yi kama da 'yan ɗarika ƙwarai, har suna da taron ranar sha ɗaya ga wata don Shehu Abdulƙadir Jilani, abin da ɗan Ƙadiriyyar Kano ba zai ji baƙonsa ba. Amma Diyobandawa ba Izala ba ne. Hanafawa ne masu tsananin riƙo da mazhaba, manyansu suna da shehunai da wuridi, musamman a ɗarikar Cishtiyya. Waɗanda suka fi kusa da Izala su ne Ahlul Hadis, su kuwa ba sa ga maciji da Diyobandawa a kan taƙlidi.

Baƙo zai iya gane masallacin da ya shiga kafin a tayar da iƙama. In ya ga koren ƙubba, an rubuta "Ya Allah" a gefe ɗaya na mihirabi "Ya Rasulallah" a ɗaya gefen, mutane suna sumbatar manyan yatsu su shafa a ido in ladan ya ambaci sunan Annabi, bayan Juma'a kuma aka miƙe tsaye ana rera salati da murya ɗaya, to yana wajen Barelwawa. In bango fayau ne, bayan sallah wani ya tashi ya ce 'yan'uwa a ɗan zauna za a yi bayani, ga jakunkunan barci da tukwane a lungu, Diyobandawa ne masu Tabligi, wato jama'ar nan da ke fita yawon wa'azi suna kwana a masallatai. In kuwa ana ɗaga murya da amin, ana ɗaga hannu a ruku'u, ana haɗa ƙafa da ƙafa a sahu, asham raka'a takwas ba ashirin ba, ya faɗo hannun Ahlul Hadis. Ɗalibinmu Bamalike da ya saki hannu yana sallah a irin waɗannan wurare ya shirya amsa tambaya, domin da yawansu ba su san mai sadalu ba sai ɗan Shi'a.

Akwai abin mamaki a lissafin can na sama. Mutanen Mirpur, waɗanda suka fi yawa, galibi Barelwawa ne, amma Diyobandawa suka fi su masallatai. Makaranta ce ta jawo haka. Tun a shekarun 1970 Shaikh Yusuf Motala, ɗan asalin Gujarat, ya mayar da wani tsohon asibiti a kusa da Bury ya zama Darul Ulum, makarantar horar da malamai, sannan aka gina babbar cibiyar Tabligi ta Turai a Dewsbury tare da makarantarta. Daga waɗannan biyun aka samu rassa a Leicester da Blackburn da Bradford da sauransu. Yaro yakan yi haddar Alƙur'ani, ya bi da karatun malanta na kusan shekara shida wanda ake rufewa da manyan littattafan hadisi, ya fito yana jin Turancin unguwarsu. Barelwawa kuwa sun daɗe suna ɗauko limami daga Pakistan, mai wa'azi da Urdu ga yaran da ba sa jin ta sosai, ga shi kowane shehi da muridansa da masallacinsa, haɗa kai ya yi wuya. Babban masallacin Ghamkol Sharif na Birmingham shaida ne cewa suna da jama'a da kuɗi, abin da suka makara a kai shi ne horar da limamai a gida. Su ma Diyobandawan ba dunƙule suke ba. Rabuwar da ta afka wa Tabligi wajen 2016, tsakanin mabiya Maulana Sa'ad na Delhi da masu goyon bayan majalisar shura, ta iso Birtaniya ta raba abokan tafiya na shekara da shekaru.

Inda gizo ke saƙa shi ne doka. A idon gwamnati, mafi yawan masallatai ƙungiyoyin agaji ne masu rajista da hukumar da ke sa ido kan irinsu. Rajistar na da amfani: in mai biyan haraji ya ba da fam 100, masallaci na iya karɓo ƙarin fam 25 daga baitulmali. Amma tana zuwa da sharaɗi, dole a samu kundin tsarin mulki da amintattu, kuma a hannun amintattun nan gini da asusu suke. Liman ma'aikaci ne kawai, kwamiti ya ɗauke shi, kwamiti ke sallamarsa, in daga waje ya zo ma bizarsa a hannunsu take. To ta nan ake ƙwace masallaci. In kundin ya ce duk Musulmin da ya biya kuɗin shekara mamba ne mai ƙuri'a, sai wani ɓangare ya yi wa mutanensa rajista da yawa gab da zaɓe, ya cinye kwamiti, ya canza liman, shi ke nan masallaci ya sauya aƙida ba tare da an taɓa bulo ɗaya ba. An sha yin haka a shekarun 1970 da 1980, har da dambe da kiran 'yan sanda da garƙame ƙofa. Masu kafa sabbin masallatai suka ɗauki darasi, suka koma rubuta aƙida ƙarara a kundi, wasu har da sunan Ahmad Raza Khan, ko su soke zaɓe gaba ɗaya su bar amintattu na dindindin masu naɗa magadansu. Wannan ya kashe ƙwace, ya kuma kashe damar matasa da mata da waɗanda suka musulunta ta shiga shugabanci. Sau da yawa ma abin da ake kira rikicin aƙida rikicin dangi ne, 'yan ƙauye kaza da 'yan ƙauye kaza, aka lulluɓe shi da rawani. Alƙalan Ingila sun daɗe suna gudun hukunci kan abin da ya shafi imani, amma a 2014 Kotun Ƙoli, a wata shari'ar wuraren ibadar mabiya addinin Sikh, ta ce in mallakar dukiya ta rataya a kan batun aƙida, kotu za ta duba shi gwargwadon buƙata.

Salafiyya ta ƙaru ne ta wannan ƙofar da aka rufe wa matasa. Masallacin Green Lane na Ahlul Hadis a Birmingham da na Brixton a Landan sun jawo 'ya'yan Barelwawa da Somaliyawa da baƙaƙen da suka musulunta, da wa'azin Turanci da ɗaliban da suka dawo daga Madina, kafin su ma su dare gida-gida a shekarun 1990 kan batun biyayya ga shugabanni da wanda ya cancanci a ɗauki ilimi a wajensa. Masu ra'ayin Maududi, malamin Pakistan da ya kafa Jama'ati Islami, da 'Yan'uwa Musulmi ba su da masallatai da yawa, amma su suka fi iya tsara ƙungiya da magana da 'yan jarida.

Lokacin sallah ma ya zama tuta. La'asar mai sauƙin fahimta ce: Hanafawa na jira inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu, sauran mazhabobi sau ɗaya, kuma da bazara tazarar takan haura awa guda. Asuba ce mai wuyar sha'ani. Ƙa'idar da aka saba ita ce alfijir na ketowa in rana tana digiri 18 ƙarƙashin sararin sama. A Landan, daga ƙarshen Mayu zuwa wajen tsakiyar Yuli, rana ba ta nutsewa har haka, hasken shafaƙi ba ya gushewa sai ya haɗe da na alfijir. A ƙarshen Yuni rana na faɗuwa wajen ƙarfe 9:20 na dare ta fito wajen 4:45, dare bai kai awa bakwai da rabi ba. Dole a yi ƙiyasi. Masu raba dare biyu sukan tsayar da sahur wajen ƙarfe 1. Jadawalin haɗin gwiwa na manyan masallatan Landan, wanda ya dogara da duban ido da wasu malamai suka yi a Blackburn a ƙarshen shekarun 1980, yana kai wa wajen 2:45. Masu raba dare bakwai su ɗauki kason ƙarshe suna ci har wajen 3:40. Matsalar ba ta tsaya a agogo ba. Mai bin ƙarfe 1 yana ganin wancan ya ci abinci bayan alfijir, azuminsa ya karye, shi kuma mai 3:40 yana ganin wannan ya yi Asuba kafin lokaci. A shekarun 2015 zuwa 2017 da Ramadan ya faɗo a Yuni, gida ɗaya sai a samu jadawali biyu manne a jikin firiji.

Ganin wata kuwa bai bi layin aƙida yadda mutum zai zata ba. Sararin Birtaniya hadari ne mafi yawan shekara, shi ya sa tun farko aka jingina da waje. Babban masallacin Regent's Park da na Gabashin Landan da 'yan Salafiyya da wani ɓangare na Diyobandawa suna bin Saudiyya, hujjarsu ita ce shaidar Musulmi adili ta isa, kuma sanarwar na zuwa da wuri, mutum ya samu ya nemi hutu a wurin aiki. Wani ɓangaren Diyobandawa da Barelwawa da yawa suna cewa Saudiyya takan karɓi shaida a daren da masana falaki suka tabbatar ba a iya ganin jinjirin wata da ido, don haka gara Maroko, ƙasar Musulmi mafi kusa, mai tsarin duba na hukuma a wurare masu yawa. Ga kuma matasa masu fita duba da kansu a kan tuddai duk wata, suna neman a dogara da ganin cikin gida. 'Yan Shi'a kowa na bin marja'insa, wato babban malamin da yake yi wa taƙlidi: Ayatullahi Sistani na sharɗanta yiwuwar gani da ido a yankin da mutum yake, Khamenei ya yarda da na'urar hangen nesa, su ma sai a wayi gari Sallarsu ta rabu.

Nama ya fi kowanne shiga rayuwar yau da kullum. Dokar ƙasar ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, amma ta keɓe Musulmi da Yahudawa in a mayanka mai lasisi ne. Duk da haka mafi yawan naman halal ɗin da ke kasuwa an sumar da shi, musamman kaji, waɗanda ake ratayewa a tsoma kansu a ruwa mai lantarki. Ƙungiyar tantance halal ta HFA, wadda aka kafa a 1994, ta yarda da sumarwar da ba ta kashewa. Takwararta HMC, wadda malaman Diyobandawa suka tsaya mata tun 2003, ta ƙi, tana cewa a layin da dubban kaji ke wucewa cikin awa guda ba mai iya rantsuwa cewa wata ba ta mutu kafin wuƙa ba. Ta sa masu duba a mayanka da shaguna, tana lika tambarinta a ƙofa, namanta ya ɗan fi tsada. A Leicester ko Blackburn, gidan abincin da ba shi da tambarin nan ya yi asarar kwastomomi, kuma akan fasa cin walimar ɗan'uwa saboda shi.

A aure kuwa, bambancin mazhaba har mafita yake zamowa. Hanafawa na ƙirga saki uku a zama ɗaya a matsayin uku, Ahlul Hadis na ƙirga shi ɗaya, a fiƙihun Ja'afariyya ma saki ba ya aukuwa sai da shaidu biyu adilai. Ba abin mamaki ba ne ka ga Bahanafen da ya yi suɓul da baka ya tsallaka titi neman fatawa a masallacin da jiya yake kira na Wahabiyawa. Kotun ƙasa ba ruwanta da duk wannan, tun da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2020 cewa ɗaurin auren da bai cika sharuɗɗan dokar aure ba, ba aure ba ne a wajenta.

'Yan Shi'a tsiraru ne, kuma kashi-kashi. Akwai Khoja, 'yan asalin Indiya da suka zo daga Afirka ta Gabas, musamman bayan Idi Amin ya kori 'yan Asiya a 1972, akwai 'yan Iraƙi da ke kewaye da Gidauniyar Al-Khoei a arewa maso yammacin Landan, da Iraniyawa, da 'yan Pakistan, ga Isma'iliyawan Aga Khan da cibiyarsu ta South Kensington wadda aka buɗe a 1985, ga Bohra, wani reshen Isma'iliyawa. Zamansu da Ahlus Sunna lafiya ne a mafi yawan lokuta, har da auratayya, sai dai duk abin da ya tashi a Gabas ta Tsakiya yakan aiko da hayaƙinsa, kamar yadda aka gani lokacin yaƙin Siriya. Masu zafi kaɗan ne amma muryarsu ta fi girmansu. Yasir al-Habib, ɗan Kuwait mazaunin Ingila, ya yi taron cin mutuncin Nana A'isha a 2010, abin da ya sa Khamenei ya fitar da fatawar haramta zagin matan Annabi da manyan da Ahlus Sunna ke girmamawa. Fim ɗin da ya rubuta kan Nana Faɗima ya jawo zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima a Bradford da Bolton da Birmingham a Yunin 2022, kamfanin Cineworld ya janye shi, malaman Shi'a da dama ma sun barranta da shi. Ta wannan ɓangaren ne zaren ya taɓo gida: ƙungiyar kare haƙƙi ta IHRC da ke Landan ta daɗe tana fafutukar Shaikh Ibrahim Zakzaky bayan abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015.

Katangar da ba ta da ƙofa ita ce ta Ahmadiyya. Su suka gina Masallacin Fazl a Landan a 1926, halifansu ya koma can a 1984 bayan dokar shugaban Pakistan Ziya'ul Haƙ da ta hana su kiran kansu Musulmi, ga katafaren Baitul Futuh a Morden tun 2003. Ƙungiyoyin Sunna da Shi'a ba sa karɓar su a matsayin Musulmi saboda batun cikar annabci, dokar Birtaniya kuma ba ta hana kowa kiran kansa abin da ya so. A Maris ɗin 2016 wani direban tasi ya taso daga Bradford ya je Glasgow ya kashe wani mai kanti ɗan Ahmadiyya, yana cewa ya yi da'awar annabci. Makashin daga cikin Barelwawa ya fito, masoyin Mumtaz Ƙadri ne, wanda ya kashe gwamnan Punjab kan dokar saɓo aka kuma rataye shi a Pakistan makonni kaɗan kafin nan. Wata guda kafin wannan, magoya bayan ISIS sun kashe wani dattijon malami a Rochdale saboda yana rubuta laya. Kisan nan biyu sun rushe lissafin da wasu jami'an gwamnati suka daɗe suna yi, cewa Sufaye su ne na kirki, haɗari daga Salafawa da Diyobandawa kaɗai yake.

Wannan lissafin ya yi ɓarna a baya. Majalisar Musulmin Birtaniya, MCB, an kafa ta a 1997 daga haɗin kan da rikicin littafin Salman Rushdie na 1989 ya haifar, tana da ƙungiyoyi sama da 500 a ƙarƙashinta, har da na Shi'a, amma Barelwawa da yawa sun ɗauke ta ta mutanen Maududi da Diyobandawa. Bayan harin Landan na 7 ga Yulin 2005, gwamnati ta shiga neman wasu abokan, aka ɗaga wata majalisar Sufaye a 2006 wadda ba ta yi nisan kwana ba, aka kuma kafa hukumar ba da shawara kan masallatai da limamai mai haɗa MCB da Barelwawa da Al-Khoei da ƙungiyar MAB mai kusanci da 'Yan'uwa Musulmi. A 2009 gwamnati ta yanke hulɗa da MCB kan wata takardar Gaza da mataimakin sakatarenta ya sa wa hannu a Istanbul. Duk wanda gwamnati ta runguma sai jama'a su ce ɗan koren Turawa ne, wanda ta ture kuma ya rasa kunnen da zai kai wa kuka.

Haɗin kan da ya yi ƙarko a matakin gari aka yi shi, kuma a kan aiki. Majalisar Masallatan Bradford tun 1981 take zaunar da ɓangarorin a tebur ɗaya kan maƙabarta da naman halal a makarantu, ba a kawo zancen gaibu ko tawassuli. A Maris ɗin 2020, da dokar korona ta zo da sashen da zai iya ba da damar ƙona gawa, kowa ya tashi, 'yar majalisa Naz Shah ta Bradford ta kai gyara, gwamnati ta gyara sashen. Masu wankan gawa na sa-kai a watannin nan ba su tsaya tambayar aƙidar mamaci ba, haka masu tarzomar da suka jefi masallacin Southport a Yulin 2024 ba su tambayi mazhabarsa ba. A asibiti da gidan yari da jami'a, ɗakin sallah ɗaya hukuma ke bayarwa, limamin da ta ɗauka kuma dole ya yi wa kowa hidima. Yawancin limaman gidajen yarin ma 'yan Darul Ulum ne, kuma ranar Juma'a a bayansu fursuna mai ƙabalu da mai sadalu da mai ɗora goshi a kan turba, dunƙulen ƙasar da 'yan Shi'a ke sujada a kai, suke tsayawa.